Filin Kiwon Lafiya: Ƙiba Tana Ciyar Da Sankarar Mama, Tana Kuma Ɓoye Ta

A ƙasar Hausa, in amarya ta yi wata shida ko shekara a ɗakin miji ta zo ganin gida, abin da 'yan'uwa suke fara dubawa shi ne jikinta. In ta cika ta yi ɓulɓul, sai a yi ta sa wa miji albarka, ana cewa lalle ya iya kiwo. In kuwa ta rame, ko da lafiyarta lau, sai a ja ta ƙuryar ɗaki a shiga tambaya ko akwai abin da ke cin ranta. Tun kaka da kakanni ƙiba ta zama shaidar jin daɗi da kwanciyar hankali, rama kuwa alamar wahala ko ta kishiya. Wannan ra'ayi yana da hujjarsa a zamanin da, lokacin da fari da yunwa da zazzaɓi suke kwasar mutane, domin wanda ya tara ɗan kitse a jikinsa ya tara guzuri. Amma zamani riga ne, kuma likitoci sun gano cewa kitsen nan da ake yi wa murna yana da hannu cikin wata cuta wadda ta fi kowace irin sankara kama mata a Nijeriya, watau sankarar mama, wadda galibi ake kira ciwon daji.

Garin Gwagwalada, a Babban Birnin Tarayya, wuri ne da ya dace a dubi wannan al'amari a cikinsa, domin a nan ana ganin canjin zamani ƙuru-ƙuru. Kafin Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta keɓe yankin Abuja a 1976, Gwagwalada ƙauye ne na manoma, mazaunin Gwari da Bassa da maƙwabtansu, tare da Hausawa da Fulani. Matan wurin su ne zuwa gona, su ne ɗiban ruwa a rafi, su ne ɗauko itace da doya a kafaɗa, su ne daka da niƙa. Da aka kafa Jami'ar Abuja a 1988, aka buɗe Asibitin Ƙwararru a 1992, sa'an nan aka mai da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar a 2006, sai garin ya bunƙasa ya cika da ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum wajen dubu 158, kuma tun daga lokacin jama'a sai ƙaruwa suke yi. Yau injin niƙa ya karɓi aikin turmi, keke mai ƙafa uku ya karɓi tafiyar ƙasa, farar shinkafa da taliya da burodi da lemon kwalba sun shiga gidajen da a da tuwon dawa da miyar ganye ne cimarsu. Aiki ya ragu, ci ya ƙaru, jiki kuwa ba ya ƙarya.

Ba Gwagwalada kaɗai ba ce. Binciken lafiyar jama'a da Gwamnatin Tarayya ta gudanar a faɗin ƙasa a 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, kuma abin ya fi yawa a birane nesa ba kusa ba. A cikin wannan bincike ne kuma aka ga kashi 12 cikin 100 suna fama da rama. Watau ƙasa ɗaya, ciwo biyu.

Girman Matsalar

Hukumar binciken sankara ta duniya, wadda take birnin Liyon na ƙasar Faransa a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata miliyan 2.3 ne suka kamu da sankarar mama a duniya, kuma dubu 670 suka riga mu gidan gaskiya ta dalilinta. Rabon Nijeriya a wannan shekara ya haura mata dubu 32 da suka kamu, da fiye da dubu 16 da suka rasu. Mai karatu ya lura da kyau: duk inda aka sami mace biyu sun kamu, an yi jana'izar ɗaya. A ƙasashen da suka ci gaba kuwa, fiye da kashi 90 cikin 100 na matan da aka sami cutar a jikinsu suna nan da ransu bayan shekara 5.

Rajistar masu sankara ta Abuja, wadda aka kafa a Asibitin Ƙasa a 2009, ta nuna cewa a tsakanin 2009 da 2010 mata wajen 65 cikin kowane dubu 100 ne suke kamuwa a shekara, alhali rajistar Ibadan ta sami 52. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Afirka biyar, aka bayyana sakamakonsa a 2020, ya bi sawun matan da aka sami cutar a jikinsu, ya tarar cewa a ɓangaren Nijeriya kashi 36 cikin 100 ne kawai suka kai shekara 3 da rai. Babban dalili kuwa ɗaya ne, kuma kowane likitan tiyata ya san shi: makara. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara, wajen mata uku cikin huɗu ba sa isa gaban likita sai cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu, ta ci mama ta bazu zuwa hammata, wani lokaci har ƙashi da huhu da hanta.

Yadda Kitse Ke Ciyar Da Cutar

Mutane da yawa suna zaton kitse wani abu ne da yake kwance a jiki kurum, kamar man shanu a ƙwarya. Masana sun tabbatar kitse yana aiki dare da rana. A jikin kowace mace akwai wani sinadari da ake kira istirojin, shi ne mai tafiyar da al'ada da girman mama, kuma ƙwayayen mahaifa ne suke samar da shi muddin mace tana haila. Yawancin sankarar mama da wannan sinadari suke rayuwa, kamar yadda wuta take rayuwa da itace. In mace ta manyanta al'ada ta ɗauke mata, ƙwayayen mahaifa sai su huta, kitsen jiki ya karɓi aikin. Saboda haka macen da ta tara kitse mai yawa, mamanta yana nan yana shan wannan sinadari shekara da shekaru bayan lokacin da ya kamata ya sarara. Bugu da ƙari, ƙiba tana sa insulin ya yawaita a jini, tana kuma haddasa wani ɓoyayyen kumburi a cikin tsoka, duka biyun kuwa suna ƙarfafa girman mugun ƙari.

A 2016 hukumar nan ta Liyon ta tara masana suka auna hujjojin da aka tattara daga ƙasashe daban-daban, suka yanke cewa ƙiba tana da alaƙa da sankara iri 13, cikinsu har da ta mama ga matan da suka daina al'ada, da ta cikin mahaifa, da ta hanji, da ta ƙoda. Ga matan da suke haila kuwa lissafin ya sha bamban, domin ba a ga nauyi yana ƙara musu haɗarin kamuwa ba, har ma an ga ɗan ragi. Sai dai wannan ba abin dogaro ba ne, gama kitsen da aka tara a shekara 30 shi ne ake ɗauke da shi a shekara 55. Har wa yau an lura cewa mace mai ƙiba, ko yarinya ce ko babba, in cutar ta kama ta, ta fi saurin dawo mata bayan magani, raunin tiyata ya fi daɗewa bai warke ba, kuma ta fi fuskantar kumburin hannu bayan aiki.

To, yaya mace za ta san nauyinta ya wuce ƙima? Likitoci suna auna nauyi da kilo, su auna tsawo da mita, su riɓa tsawon da kansa, sa'an nan su raba nauyin da abin da ya fito. In amsar ta kai 25 nauyi ya fara yawa, in ta kai 30 ƙiba ta tabbata. Alal misali, mace mai tsawon mita 1.6, in ta kai kilo 64 ta taka 25, in ta kai kilo 77 ta shiga 30. Akwai kuma awon da ya fi wannan sauƙi, wanda tef ɗin tela ya isa a yi shi: a zagaya ciki daidai saitin cibiya. In ya wuce inci 31 da rabi, a fara hattara. In ya kai inci 35, lokacin ɗaukar mataki ya yi. Wannan awo yana da muhimmanci ƙwarai ga matan ƙasar nan, domin binciken da aka fara a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1998, wanda Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka tsaya a kansa, ya gano cewa a wajen matan Nijeriya teɓar ciki da faɗin ƙugu sun fi nauyin sikeli nuna haɗarin cutar.

Yadda Kitse Ke Ɓoye Ta

Lahani na biyu ya fi na farko ban tsoro, domin shi ne yake jawo makara. Sankarar mama takan fara ne da ɗan ƙullutu mai tauri, wanda galibi ba ya zafi ko kaɗan. A ƙaramin mama, ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa yana iya faɗowa hannu wajen wanka. A babban mama mai kitse kuwa, yana iya kwanciya can ciki kamar tsakuwa a buhun auduga, ba za a ji shi ba sai ya kai girman goro ko ƙwan kaza. Haka nan kaluluwar da takan fito a hammata, kitse yana lulluɓe ta. Daɗin daɗawa, mace mai jiki ba mai kallonta ya ce ba ta da lafiya, ita ma kanta ba ta zato, domin an saba ciwo da rama suke tafiya. Ran da aka ga ta fara zubewa, ran nan kuwa aikin gama ya kusa gamawa.

Sa'an nan ga kunya. A Amurka, wani bincike da likitocin birnin Boston suka bayyana a shekarar 2000 ya nuna cewa mata masu ƙiba sun fi sauran mata ƙauracewa gwajin mama da na bakin mahaifa, alhali su ne suka fi bukatarsa. Cikin dalilan da akan kawo akwai nauyin tuɓe jiki a gaban baƙo, da gudun a yi wa mutum gori a kan jikinsa. In haka ta faru a ƙasar da mace take shiga asibiti ba da neman izinin kowa ba, ina ga matar aure a Dobi ko Paiko ko Tungan Maje, wadda sai ta faɗa wa miji, miji ya nemi shawarar uwarsa, a nemo kuɗin mota, a je a tarar da likita namiji?

Amma a nan akwai albishir wanda ya kamata kowace mace mai jiki ta ji. Abin da kitse ya ɓoye wa hannu, ba ya iya ɓoye shi ga na'urar hoton mama, wadda ake kira mamogiram. A cikin hoton, kitse baƙi-baƙi yake fitowa, ƙari kuwa fari, saboda haka a mama mai kitse ƙarin yakan fito fili kamar wata a daren sha huɗu. Maman 'yan mata da na masu shayarwa ne yake da cunkoson tsoka mai rufe hoto, shi ya sa su akan fi yi musu sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki. Ashe ke nan macen da ta manyanta, ga ta da jiki, ita ce ta fi kowa cin ribar wannan na'ura, kuma ita ce bai kamata ta dogara da laluben hannu kaɗai ba.

Kada kuma siririyar mace ta karanta wannan ta ce ta tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin rabin matan da suke kamuwa ba su da wani dalili da za a nuna, in ban da kasancewarsu mata da kuma shekaru. Akwai gado, akwai shan barasa, akwai fara al'ada da wuri da daina ta a makare. A Nijeriya kuma an lura cutar tana kama mata da yawa tun suna 'yan shekara arba'in da wani abu, da ƙuruciyarsu, da 'ya'ya ƙanana a gabansu.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wajibi ne kowace mace ta san mamanta, ta riƙa duba shi sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan ta yi wankan tsarki. Wadda ta daina al'ada kuwa ta tsai da rana guda, kamar ranar ganin wata. Mai babban mama ta yi dubawar a kwance rigingine, da matashi ƙarƙashin kafaɗa, domin maman ya baje, ta bi shi da cikin yatsu uku, a hankali sa'an nan da ɗan ƙarfi, har zuwa hammata. Abubuwan lura su ne ƙullutu, da kan mama ya shige ciki, da fitar jini ko wani ruwa, da fata ta loma ko ta yi kama da ɓawon lemu, da gyambon da ya ƙi warkewa. Mai shayarwa da mamanta ya kumbura, aka yi magani mako biyu bai saɓe ba, ta koma asibiti, kada ta zauna ana cewa ciwon nono ne. A sani kuma yawancin ƙullutun da ake samu a mama, har kusan tara cikin goma, ba sankara ba ne, amma likita ne kaɗai zai iya rarrabewa, ta hanyar hoto da ɗiban 'yar tsoka a gwada.

Wadda ta kai shekara 40, ko wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta taɓa yin cutar, ta je a duba ta ko ba ta jin komai, ta kuma tambayi likita lokacin da ya dace ta fara hoto. A Amurka, tun 2024 shawarar da ake bayarwa ita ce a fara hoton a shekara 40, a riƙa maimaitawa duk shekara 2. Matan Gwagwalada sun yi sa'ar da matan garuruwa da yawa ba su yi ba, domin ga Asibitin Koyarwa a cikin garinsu, da likitocin tiyata da sashen hoto da ɗakin gwaji, asibitin da mutane suke yo takakkiya daga jihohin Kogi da Neja da Nasarawa da Kaduna domin su same shi. Abin takaici ne a ce na nesa ya zo ya sha, na bakin rijiya ya kwana da ƙishi.

Akwai wata magana da ta daɗe tana halaka mata, cewa wai ciwon daji ba ya son allura ko ƙarfe, da an taɓa shi sai ya fusata. Asalin wannan zance shi ne, mata suna zuwa asibiti bayan cutar ta gama bazuwa, a yi aiki su rasu, sai a ɗora wa wuƙar likita laifin da makara ta yi. Watannin da ake ɓatawa wajen shafe-shafe da turare da jiƙe-jiƙe su ne watannin da cutar take ƙaura daga mataki na biyu zuwa na huɗu. Malamai sun sha bayyana cewa neman magani ba ya kore tawakkali.

Game da nauyi kuwa, ba a ce mace ta kashe kanta da yunwa ba. A rage sukari da lemon kwalba da soye-soye, a koma ga dawa da gero da acca da wake da zogale da rama, a sami tafiyar ƙasa ta rabin sa'a a yawancin kwanakin mako. A guji ƙwayoyin sa ƙiba irin su sha-ka-fashe da ake ɗura wa amare, domin kumburi suke sawa, kuma suna jawo hawan jini da ciwon sukari. A riƙe shayarwa da kyau, gama wani nazari da ya haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30, wanda aka bayyana a 2002, ya nuna cewa kowace shekara guda ta shayarwa tana rage haɗarin cutar da kimanin kashi 4 cikin 100. A nan al'adar Hausawa ta shayar da yaro har kusan shekara 2 ta riga likitoci gaba.

Ga Magidanta Da Hukuma

Maigida yana da babban rabo cikin wannan aiki. Shi ne mai ba da izini, shi ne mai ba da kuɗi, kuma sau da yawa tsoron kada ya juya baya in an cire mama shi ne yake sa mace ta yi shiru har ta mutu. Namijin da ya ce wa matarsa, "Tashi mu je a duba," ya yi mata abin da ya fi akwatin zannuwa. Ma'aikatan asibiti su ma su sassauta harshe, domin macen da aka yi wa ba'a a kan jikinta sau ɗaya ba za ta sake dawowa ba.

Hukuma kuma tana da abin koyi a birnin Mumbai na ƙasar Indiya. A can, asibitin Tata ya horar da mata masu ilmin sakandare su riƙa duba mama da hannu a unguwannin talakawa duk shekara 2. An bi mata fiye da dubu 150 har shekara 20, kuma sakamakon da aka bayyana a 2021 ya nuna an riƙa kama cutar da wuri, mace-mace kuma sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a tsakanin mata masu shekara 50 zuwa sama. Ba abin da zai hana a yi haka a ƙananan asibitocin Zuba da Ibwa da Gwako da Kutunku, inda mata suke zuwa awon ciki da rigakafin yara. Sikeli da tef da ƙwararriyar ma'aikaciya mace sun isa a fara, muddin an buɗe hanyar tura mai bukatar hoto zuwa babban asibiti ba tare da jan lokaci ba.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa wa ƙasashe ma'auni uku: a kama aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar tun a mataki na ɗaya ko na biyu, a gama bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, kuma kashi 80 cikin 100 su kammala magani. Nijeriya ta kafa cibiyar binciken sankara da maganinta ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2023, ta kuma buɗe asusun taimakon marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, wanda aka fara da asibitoci shida, cikinsu har da Asibitin Ƙasa na Abuja da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Wannan abin yabo ne, amma asusu ba ya amfanin wadda ta iso a makare, kuma ba ya amfanin wadda ba ta taɓa jin labarinsa ba. Ya kamata sarakuna da limamai da malaman Islamiyya da shugabannin coci da gidajen rediyo su ɗauki wannan saƙo duk shekara, kada a bar shi sai watan Oktoba ya kama a sa riguna a yi maci a watse.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In 'yar'uwa ta zo ganin gida aka ga ta cika, a yi mata barka kamar yadda aka saba, sa'an nan a ƙara da tambayar da za ta iya tsirar da ranta: yaushe rabonki da a duba ki? Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya kuma kare masu lafiya, amin.